Takalmin Luba

Na san kuɗin buhun albasa a Kumasi
tun ladanin Mabera bai gyara murya ba.
Na san motar da ta kwana a Illela,
da wadda ta yi faci bayan Kamba,
da ɗan dakon da ke huda ƙasan buhu a Ramin Kura.
Waya uku gare ni,
kowace da kukanta, kowace da yunwarta.

Shekaranjiya na kawo wa Luba tsaraba,
takalmi ja mai maɗauri.
Yatsu suka shiga, diddige ya ƙi.
Ta dube ni, ba fushi ba dariya:
"Baba, ƙafar bara waccan ka auno."
Uwarta ta ci gaba da tankaɗe.
Da ma faɗa ta yi.

Na kwana ina lissafi, ba na kuɗi ba.

Akosuwa da ke karɓar kayana a Kumasi,
ran Lahadi ko tirela ce ta kife
sai wayarta ta yi kuka har ta gaji.
Ran Litinin ta ce, "Alhaji, jikoki sun zo, ina kan turmi.
Albasa ba ta da ƙafa."
Na ce a raina, sakaci.
Shekara goma sha ɗaya ke nan,
ko sisina bai taɓa kwana a hannunta ba.

Obiora mai kayan gyaran mota,
Disamba na kamawa sai ya danna kwaɗo biyu,
ya ɗaure shinkafa da bunsuru bisa mota,
mako uku ba shi ba dalilinsa.
Ya dawo da ƙiba a wuya,
masu neman birki suna nan inda ya bar su.

Shi ko Liu mai sayen jar fata
irina ne, har ya ɗara.
Taliya a kofi, ido a kwamfuta,
ɗansa na girma cikin gilashin waya.
Sau ɗaya ya nuna mini yaron,
ya yi saurin mayar da shi aljihu
kamar wanda aka kama da kayan wani.

Likita ya ɗaura mini abin awo a damtse,
ya matsa, ya saki, ya ce, "Ɗari da tamanin."
Saura kaɗan in ce, a wace kasuwa?

Mahaifina jigo ne da shi a fadamar Kwalkwalawa,
fangali arba'in, jaki ɗaya.
La'asar sakaliya yana gida, ƙafa duk laka,
yana gyara mana motar kara.
Ni mai tirela huɗu
ban san wanda ya cire wa Luba haƙorin farko ba.
Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.
Kuma shi ya koya mini, hannunsa cikin rudu:
in ka jibge ta ba iska
daga ciki take ruɓewa,
ɓawo na ta ƙyalli, mai saye na yabo.

Yau Asabar. Na tura biyu ƙarƙashin matashi.
Ta ukun, gaskiya, na kasa.
Luba na riƙe da ɗan yatsana har Tsohuwar Kasuwa,
tana ba ni labarin wata Ige da ba su shiri,
da malamin lissafi mai atishawa uku uku.
Ashe tana da ban dariya.
Ashe shuɗi take so, ba ja ba.

Talatin da huɗu, in ji mai takalma.

Aljihuna na rawa.
Ƙila Kamba ce, ƙila kasuwa ta faɗi a Kumasi,
ƙila ɗan dakon nan ne aka kama.
Na ce, "Luba, taka mu gani."
Ta taka har bakin rumfa, ta dawo,
ta sake takawa, tana kallon ƙafarta.
Wayar ta yi shiru.
Ta sake farawa.